ƘOFAR HAYAƘI: A BINCIKI WAYA DA TIYO KAFIN A YANKE MATA HUKUNCI

A zamanin da Peugeot 404 da 504 ke cin kasuwarsu a kan hanyar Yamai zuwa Damagaram, babban kayan aikin makaniki kunnensa ne. Direba ya ta da inji, maigidan garaji ya sunkuya ya saurara, kafin a jima ya faɗi inda ciwo yake, kuma da wuya ya kuskure. Motocin da ke shigowa ƙasar nan yau sun ƙi wannan hanya. Galibinsu na hannu ne, sun ci ƙuruciyarsu a titunan wasu ƙasashe kafin a ɗoro su a jirgin ruwa. Wani rahoto da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japon sun sayar wa waje ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufa. Irin waɗannan motoci suna zuwa da ƙwaƙwalwa ta lantarki mai lura da inji, suna kuma zuwa da wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba, wadda ke kamawa duk sa'ad da ƙwaƙwalwar ta ga abin da bai gamshe ta ba.

Cikin abubuwan da suka fi kunna wannan fitila, musamman a motocin gazuwal, akwai wata ƙofa da ƴan garaji ke kira «ban EGR». Mai mota ya zo da kukansa: mota ba ta ja, tana tuƙa baƙin hayaƙi, tana mutuwa a mararraba. A jona mata na'urar bincike, wadda aka fi sani da baliz, wata lamba ta fito, nan take a yanke hukunci: «Alhaji, ban ta mutu.» Daga nan magani biyu ne, ko a sayi wata da jikkuna masu yawa, ko a yanko gwangwani a toshe ta. Sau da yawa kuwa ƙofar lafiyarta lau. An bar jaki ne ana dukan taiki, domin laifin yana wajen wata waya da ta goge, ko tiyo da zafi ya tsaga, ko ma'aunin iska da ƙurar hunturu ta rufe wa ido.

DON ME AKE MAI DA HAYAƘI CIKIN INJI?

Tambaya ce da ta kamata, domin ga hankalin kowa hayaƙi abin fitarwa ne. Iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin ɗari azot ce, kashi 21 oksijan. A zafi na yau da kullum waɗannan biyu ba ruwan ɗaya da ɗaya. Amma a cikin silinda, in zafin wuta ya haura digiri 1300, sai su haɗu su haifi wata guba da masana ke rubutawa NOx. Ita ce ke ƙona maƙogwaro, ta tsananta wa masu fuka, ta fi kuma cutar da yara da tsofaffi. Dabarar da aka fara sa wa motocin Amurka a farkon shekarun 1970, bayan dokar tsabtar iska da ƙasar ta kafa a 1970, ita ce a ɗebi kaɗan daga hayaƙin da ya riga ya ƙone, a mai da shi cikin iskar da inji ke shaƙa. Hayaƙin ba ya sake ci, sai dai ya tare wuri ya sha zafi, kamar yadda mai dafuwa ke barbaɗa toka a kan garwashi in ya cika ruruwa. Wuta ta lafa kaɗan, guba ta ragu. Haruffan EGR taƙaitawa ce ta sunan wannan dabara da Ingilishi, watau mai da hayaƙi.

Turai ta yi ta tsananta dokarta mataki bayan mataki. Ƙa'idar Euro 3 ta 2000 ta yarda wa ƙaramar motar gazuwal ta fitar da miligiram 500 na wannan guba a kowace kilomita. Euro 4 ta 2005 ta rage zuwa 250, Euro 5 ta 2009 zuwa 180, Euro 6 ta 2014 zuwa 80. Duk sa'ad da aka rage, ƙofar hayaƙi ta ƙara aiki, ta ƙara wayoyi. Injin isansi yakan mai da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, kuma ƙofarsa a rufe take in yana da sanyi, ko yana ralanti, ko an taka totur har ƙasa. Na gazuwal yana iya mai da kusan rabin abin da yake shaƙa, a ralanti ma ƙofarsa takan buɗe. Shi ya sa ita ce ta fi saurin cika da kunkunniya.

Ƙofar iri biyu ce. Tsohuwar, tsotson iska ne ke ɗaga ta: a kanta akwai wata fata ta roba, siririn tiyo na tsotse iskar da ke bayan fatar, wata ƴar ƙofa kuma ta lantarki mai suna elektroban ita ke buɗe wa tsotson hanya bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Ta zamani tana da ɗan injinta na lantarki, da wani ma'auni da ke shaida wa ƙwaƙwalwa iyakar inda ta buɗe. Kafin makaniki ya ɗauki sufana, sai ya san wace iri ce a gabansa.

ABIN DA LAMBA KE FAƊI

Tun 1996 a Amurka, a Turai kuwa tun 2001 ga motocin isansi da 2004 ga na gazuwal, doka ta tilasta kowace ƙaramar mota ta zo da soket mai rami 16 kusa da sitiyari, inda ake jona baliz. Manyan lambobin laifi iri ɗaya ne, ko wane kamfani ya ƙera motar. Na ƙofar hayaƙi daga P0400 suka fara. P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa bai kai yadda ake so ba, P0402 ya wuce kima. P0403 na nufin hanyar wutar da ke kai wa ƙofa umarni ta sami matsala. P0404, an umarci ƙofa ta tsaya wuri kaza, ba ta tsaya nan ba. P0405 da P0406, saƙon ma'aunin buɗewa ya yi ƙasa ƙwarai ko ya yi sama ƙwarai.

Mai karatu ya lura: babu ɗaya cikin lambobin nan da ta ce ƙofa ta lalace, a sayi sabuwa. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin ƙofar. Tana zaune ne a lungunta, abin da wayoyi suka kawo mata shi kaɗai ta sani, kamar sarkin da ba ya fita fada sai abin da manzanni suka faɗa masa. In manzo ya faɗi a hanya, sarki zai ce garin can ya yi shiru, alhali mutanen garin suna nan lafiya. Saboda haka lamba unguwa take nunawa, neman gidan kuwa aikin makaniki ne.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, a biya a goge lamba, fitila ta mutu, mai mota ya tafi yana murna, jibi ta dawo. Ban da asarar kuɗi, gogewar nan tana ɓatar da shaida. Lokacin da ƙwaƙwalwa ta rubuta laifi, takan rubuta tare da shi zafin inji da gudunsa da gudun mota a wannan daƙiƙa. Laifin da ke tasowa sai inji ya yi zafi ya bambanta da wanda ke tasowa tun da aka murɗa makulli. Kamata ya yi a kwafe duk wannan a takarda, sa'an nan a goge.

IN LAMBAR TA WUTA CE

Ga P0403, P0405 da P0406, bincike na farko ba ya bukatar komai sai ido da hannu. A cire fish ɗin da ke kan ƙofa a duba haƙoransa. In sun yi kore, ruwa ya shiga, galibi daga wankin inji da tiyo mai ƙarfi da ake yi a wuraren wankin mota. A bi damin wayoyi da yatsa, musamman inda ya ratsa kusa da bututun hayaƙi, ko ya jingina da ƙarfe mai kaifi, domin girgizar hanyar jar ƙasa tana goge rigar waya sannu a hankali har jan ƙarfen ya bayyana. Motar da ta daɗe a ajiye kusa da rumbu kuwa, a tuna da ɓera. A duba fizibil. Sau da yawa fizibil ɗaya ne ke ciyar da elektroban biyu ko uku. In baliz ta kawo lambobinsu duka a lokaci guda, ba dukansu ne suka mutu rana ɗaya ba, tushen wutarsu ne ya yanke.

Sa'an nan a ɗauko ma'aunin wuta, watau miltimetir, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabuwar ƙofa ba. Da makulli a buɗe, inji a kashe, ɗaya daga cikin wayoyin elektroban ya kamata ta nuna bolt 12 na batir. Ɗayar ita ce ke zuwa ƙwaƙwalwa, wadda ke haɗa ta da mas tana sakewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Tsawon haɗawar shi ke ƙayyade yawan buɗewa. In bolt 12 na nan, a auna tsakanin haƙoran elektroban kanta, fish a cire. Lafiyayya takan nuna om goma sha wani abu zuwa ƴan gomomi, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. In ma'auni bai nuna komai ba, zaren da ke cikinta ya tsinke. In ya nuna kusan sifiri, ya ƙone ya manne. A nan ne kaɗai laifi ya tabbata a kanta, kuma ita aba ce ƙarama da ake canjawa ita kaɗai.

In elektroban ta fita da gaskiya, saura wayar da ke tsakaninta da ƙwaƙwalwa. A cire batir, a auna wayar daga wannan baki zuwa wancan, yaron garaji na girgiza damin a hankali, maigida na kallon ma'auni. Waya takan karye a cikin rigarta, daga waje ba alama. Tana haɗuwa in mota na tsaye, ta rabu in an faɗa rami. Wannan shi ne ciwon da ya fi wahal da masu motoci, domin duk sa'ad da aka kai ta garaji sai ta yi lafiya. Maganinsa ɗan guntun waya ne da dalma.

Ƙofa ta zamani takan zo da waya biyar: biyu na ɗan injinta, uku na ma'aunin buɗewa. Cikin ukun nan ɗaya na kawo bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya mas ce, ta ukun ita ke mai da saƙo. A yawancin motoci saƙon yakan tashi daga wajen bolt 1 in ƙofa na rufe zuwa wajen bolt 4 in ta buɗe duka, kuma ya kamata ya hau sumul, ba tsalle ba yankewa. In bolt 5 ɗin ba ya nan, kada a yi gaggawar zargin ƙwaƙwalwa. Ma'aunai da dama ne ke sha daga wannan rijiya, ɗaya in ya lalace yakan janye wutar duka. A riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har wutar ta dawo. Wanda aka cire ta dawo, shi ne mai laifi.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Tsohuwar dabarar ƙyasta waya a jikin ƙarfe a ga ko za ta yi tartsatsi, ko jona ƙwan fitila daga batir a taɓa kowane haƙori, ta yi amfani a zamanin 504. A kan wayar ƙwaƙwalwa kuwa, taɓawa ɗaya ta isa ta ƙone abin da ya fi ƙofar tsada nesa ba kusa ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

IN LAMBAR TA HAYAƘI CE

P0401 da P0402 da P0404 sun fi karkata ga datti da tiyo. Ƙofar da ta maƙale a buɗe ita ce mai yawan surutu: inji na rawa a ralanti, yana wuyar tashi, na gazuwal yana baƙin hayaƙi ba ƙarfi. Wadda ta maƙale a rufe ba ta cika nuna kanta ba, sai dai injin isansi ya riƙa ƙaras-ƙaras in ana hawan tudu.

Ga mai tsotson iska, a fara da tiyo, domin zafin bazara yana busar da roba har ta tsage a bakin da aka cusa ta. Sa'an nan a sa ɗan famfon hannu a tsotsi ƙofar kai tsaye. In ba ta riƙe tsotson ba, fatarta ta yage. In ta riƙe, kuma injin isansi da ke ralanti ya yi tuntuɓe ko ya mutu, to ƙofa da hanyarta lafiya suke, a koma baya wajen elektroban. In ƙofa ta ɗaga amma inji bai ko motsa ba, hanyar ce ta toshe da kunkunniya, sabuwar ƙofa ba za ta yi maganin komai ba. A injin gazuwal wani famfo na musamman ne ke samar da tsotson, shi ne kuma ke taimaka wa birki. Direban da ya ji birkinsa ya yi tauri a lokacin da fitila ta kama, ya faɗa wa makaniki, kada ya ɗauka abu biyu ne daban.

Motar gazuwal ba ta auna hayaƙin kai tsaye. Ma'aunin iska, wanda ake kira debimetir, yana bayan filtir, yana ƙidaya sabuwar iskar da ke shiga. In ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya tare wuri, sabuwar iska ta ragu, da haka ƙwaƙwalwa ke gane an bi umarninta. Makanikin da ke da baliz mai kyau yana iya ba ƙofa umarni da kansa, yana kallon adadin iska: in ya faɗi ƙwarai da buɗewa, ya koma da rufewa, ƙofa na aiki. Amma ma'aunin nan ɗan siririn abu ne, ƙura kaɗan ta isa ta sa shi ƙarya. A ƙasar da hazo ke rufe rana daga Disamba zuwa Fabrairu, inda ake kaɗe filtir a jikin taya a mai da shi har ya huje, shi ne ya kamata a fara tuhuma.

WANKI, DA ABIN DA KE KAWO DATTIN

In bincike ya tsaya a kan datti, a kwance ƙofar, a kankare ta a hankali, a wanke ta da ruwan wankin da aka yi don haka, ba tare da ya gangara cikin ɗan injinta na lantarki ba. Babbake ta da wuta, kamar yadda ake yi wa salansar babur, yana narkar da abin da ke ciki. A wanke bututun shaƙa shi ma, a cire shi tukuna don kada ɓarɓashi ya faɗa silinda. A sa sabon juwan. Motoci da yawa suna bukatar a sake koya wa ƙwaƙwalwa iyakar rufewa da buɗewar ƙofa da baliz bayan an taɓa ta; in ba a yi ba, lamba ta dawo, a ce gyara bai yi ba. Kada kuma a yi murna da wuri: laifuffuka da dama sai an yi tafiya biyu a jere fitila ke kama musu, shi ya sa take mutuwa a garaji ta farka a gida.

Dattin kuwa haɗin abu biyu ne, kunkunniyar hayaƙi da tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikin inji. In suka gamu sai su zama kamar kwalta. Abin da ke ƙara kunkunniya sananne ne: injekta da suka gaji, filtir da ya toshe, baƙin mai da ya wuce lokacin canji, gajerun tafiye-tafiye cikin gari da ba sa barin inji ya yi zafi sosai. Sai kuma doguwar tsayawa a ralanti. Motar ma'aikata da ke kwashe awa biyu a ƙofar ofis, inji na aiki don sanyin ciki ya jira maigida ya fito taro, tana tara wa kanta abin da motar da ta yini a hanyar Tawa ba ta tarawa. Masu kula da motocin hukuma za su rage kuɗin gyara da yawa in sun dubi wannan.

Mai da ake sha shi ma yana da hannu. An ƙera motocin nan ne don gazuwal ɗin Turai, wanda tun 2009 farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin, suka amince a Wagadugu da kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi. Wanda ake saye a kwalba da jarka wajen ƴan ruwa-ruwa kuwa, babu mai ba da shaidar abin da ke cikinsa. Farar wuta tana ƙara datti, in kuma ta gamu da danshi takan zama ruwa mai cin ƙarfe.

Inda wannan ya fi ɓarna shi ne ɗan radiyato da motocin gazuwal na zamani ke da shi don sanyaya hayaƙin kafin ya koma. In ya huje, ruwan inji na raguwa ba a ga inda yake zuba, farin hayaƙi na fita ta baya. Nan da nan a ce juwan kulas ne, a buɗe kan inji a banza. Zuba ruwan rijiya ko na famfo maimakon ruwan sanyaya inji na gaskiya yana gaggauta hujewar. Abin ba na wasa ba ne: a 2018 gomman motocin BMW suka kama da wuta a Koriya ta Kudu, aka gano ruwan da ke yoyo daga nan ne ke cakuɗa da kunkunniya mai zafi, kamfanin ya kira motoci kimanin miliyan 1,6 a duniya don a gyara.

TOSHEWA

Gaskiya ita ce, motar da aka toshe wa ƙofa tana tafiya, wani lokaci ma direba ya ji ta fi da. Shi ya sa da wuya a rarrashi mai taksi ya bar wannan hanya, ga shi kuwa kusan kyauta ce. A wajen bincike ma tana da amfani: a toshe na ƴan mintoci, in rawar inji ta tsaya an san ƙofa ba ta rufewa, sa'an nan a cire gwangwanin a yi gyara. Barinsa har abada shi ne abin ƙi. Gubar da aka ƙera ƙofar don ta rage tana komawa titi, kuma ba mai motar ke shaƙarta ba, shi gilashinsa a rufe yake. Mai tuyar ƙosai a bakin hanya ce ke shaƙa, da ɗan kabu-kabu da ke biye da shi, da ɗan sandan da ke tsaye a mararraba tun safe. A Faransa, inda da yawa cikin motocin nan suka fito, tun 2015 doka ta sa tarar Euro 7500, kusan miliyan 5 na sefa, ga wanda ya cire irin wannan na'ura.

Motar ita ma tana biya. Injin isansi da aka hana wa hayaƙinsa yana ƙara zafi, ƙaras-ƙaras ɗin nan kuwa fistan yake ci. Motocin gazuwal masu matatar kunkunniya a bututun baya sukan ƙi ƙone abin da matatar ta tara muddin akwai laifi a rubuce, har ta toshe, ƙwaƙwalwa ta rage ƙarfin inji a tsakiyar hanya. Fitilar kuma ba ta mutuwa. Wasu su liƙe ta da baƙar salatif, wasu su saba da ita. Ranar da injekta ta fara zuba, ko wani ma'auni na daban ya lalace tsakanin Dogonduci da Ƙwanni, fitilar da za ta shaida wa direba tana nan a kunne tun bara, ya daɗe da daina kallonta.